WRX ɗina tana riƙewa in bust ya hau, in sa famfon mai 255 ko in wuce 450 kai tsaye?

Ɗan_Rayfield

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar motocin turbo ku taimaka min da shawara kafin in je in zuba kuɗi a inda bai kamata ba.

Motata Subaru Impreza WRX ce 2006, injin 2.5, manuwal mai giya biyar, 'yar Amurka ce ta shigo ta Kwatano, shekara uku kenan tana hannuna a nan Jos. Tunda na saye ta ba a taɓa buɗe tankinta ba, kenan famfon man da ke ciki ina kyautata zaton shine wanda ta fito da shi daga kamfani, kuma maleji yanzu yana nuna mil 168,000. Watan jiya na samu turbo na STI (babbar yayar WRX), VF39, a hannun wani abokina da ya fasa aikin motarsa, sai muka cire ƙaramin TD04 ɗin da ta zo da shi muka ɗaura wannan, muka sa intakula (mai sanyaya iskar turbo) na STI da babban bututun salansa na bayan turbo, sannan wani yaro mai laftof ya zuba mata sabon saiti a birenbos wanda ya sauko da shi daga intanet, bust, wato matsin iskar da turbo ke turawa cikin injin, ya tashi daga psi 11 da ɗoriya ya koma 17.

A cikin gari ba matsala wlh, daga Rayfield zuwa Terminus, ko in hau titin Bukuru da daddare in ɗan taka ta, lafiya lau take amsawa. Abin da ya tayar min da hankali ranar Juma'a ne da zan je Abuja ni da ƙanina. Mun sauka Hawan Kibo mun miƙa, kafin mu kai Akwanga sai na zo wuce wata tirela, na dawo giya uku na danna totur har ƙasa, ta ɗauka da ƙarfi kamar yadda ta saba, allurar juyin injin na haura 5,000 kawai sai ta riƙe, kamar wani ya kamo rigarta ta baya, ta yi jakin sau biyu, ga ni daidai tsakiyar tirela ga wata doguwar bas ta taho ta gabana tana ba ni wuta. Allah ne kawai ya kiyaye na ɗaga ƙafa na koma bayan tirelar. Ƙanina har muka shiga Keffi bai ce uffan ba. A lokacin man da ke tanki bai kai kwata ba. Da zan dawo na cika tanki a Keffi, abin ya ragu amma bai tafi ba, in dai na riƙe totur a giya uku ya wuce 5,000 sai na ji wannan riƙewar ko da kaɗan ne.

Na canja fulogi, na wanke sensan iska, duk ɗaya. Bakanikena a Farin Gada ya ce fuwel fam ne ya gaji. To tunda za a buɗe tanki ina so in yi aiki ɗaya in huta. Na ga ana maganar Walbro 255 (lambar ita ce litar man da famfon ke turawa a awa), akwai AEM 340, akwai kuma Walbro 450 da wani ya ce min in na sa shi har abada ba ni ba ƙarancin mai kuma motar za ta ƙara ƙarfi. Wanne zan saya? Kuma in na sa babba dole ne in taɓa wayoyi da regileta, ko cirewa kawai za a yi a mayar? Na gode.

Turbo_Gwarinpa

Oga kar ka wahalar da kanka, sa 450 kawai ka wuce wurin. Yau kana 17 gobe za ka so 20, jibi za ka so babban turbo, duk wanda ya fara wannan harkar ba ya tsayawa a inda ya fara. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba idan ka haɗa da kuɗin aikin buɗe tanki sau biyu. Ni ra'ayina kenan gsky, gara ya yi yawa da ya yi kaɗan.

BabanHanifa_Apo

Wa alaikumus salam ƙanina. Alhamdulillah da Allah ya tsare ku a hanyar nan, na san wurin, ba wurin da mota za ta yi wa mutum gardama ba ne.

Kafin komai dan Allah daga yau kar ka sake danna motar nan ta shiga bust sai an gano matsalar. Wannan riƙewar da kake ji in dai ƙarancin mai ne, to injin yana shan iska mai yawa da mai kaɗan a daidai lokacin da ya fi zafi, kuma a haka fistin ke narkewa ko ya tsage a wurin ringi, kuma injin 2.5 na Subaru kowa ya san wurin ringin nan ba ya jure irin wannan. Kowace gwadawa da kake yi kana jin ko ta daina, da fistin kake caca.

Sai maganar cewa babban famfo zai ƙara wa mota ƙarfi, ba haka ba ne. Famfo kamar ɗan ga-ruwa ne, aikinsa ya kawo ruwa ƙofar gida, amma abin da zai shiga randa bakin randar ne ke yankewa. Nozul da birenbos su ke yanke yawan man da zai shiga silinda, duk abin da ya yi saura regileta ya mayar da shi tanki ta tiyon dawowa. Famfo ko dai ya isa ko bai isa ba, shikenan. In ya isa, ko ka ninka shi biyu doki ɗaya ba zai ƙaru ba.

Bari mu yi lissafin motarka da kanta. WRX ta 2006 nozul ɗinta 565cc ne, wato kowanne yana iya zuba cc 565 a minti ɗaya in ya buɗe bai rufe ba. Guda huɗu ne, ka ga 2,260 kenan a minti, a awa ɗaya kusan lita 136. Kuma ba a barin nozul ya yi aiki ɗari bisa ɗari, masu tiyunin suna tsayar da shi wajen kashi 85, ka ga mun dawo lita 115 a awa. Wannan shine iyakar abin da injinka zai iya sha a yanzu ko da tankar mai ka jona masa. To me za ka yi da famfon lita 450? Ta ɗaya ɓangaren ma haka lissafin yake fitowa, injin turbo mai doki 300 yana shan wajen lita 110 a awa in an danna shi har ƙasa, kai kuma da VF39 a 17 kana wajen nan ne ko sama kaɗan.

Inda mutane ke ruɗewa shine lambar da ke jikin kwali. Wannan 255 ɗin an auna shi ne a matsin wajen 43 psi da wutar volt 13.5, amma motar turbo ba ta zama a 43. Regiletanka yana da ɗan siririn tiyo da ya taho daga manifol, duk psi ɗaya da bust ya hau shi ma sai ya ƙara wa mai psi ɗaya, saboda nozul yana fesawa ne cikin manifol ɗin da iska ta cika ta matse, in man bai fi iskar ƙarfi da 43.5 ba feshin zai ragu. Kenan a bust 17 dole famfonka ya riƙe 60 da rabi, kuma duk famfo yadda matsi ke hawa haka litar da yake bayarwa ke sauka. Na kamfani da ke motarka ko yana sabo bai kai lita 150 ba, ka ɗora masa matsin 60, ka ɗora masa mil 168,000, ka ɗora masa irin man da muke sha, ka ga ba abin mamaki ba ne ya sare a sama da 5,000. Shi kuwa 255 na gaskiya ko a matsin 60 yana ba da kusan 200, ya kusa ninka buƙatarka.

@Turbo_Gwarinpa ka yi haƙuri ɗan uwa, yawa ma yana da illarsa a nan. Regileta na kamfani ƙofarsa ƙarama ce, in ka turo masa man 450 a silo ba zai iya mayar da shi tanki da sauri ba, sai matsi ya hau sama da inda ya kamata, mota ta fara shan mai tana baƙin hayaƙi tana wari, fulogi ya yi baƙi, sai ka koma sayen regileta mai saiti da manyan tiyo. Ga shi man da ke ta zagaye daga tanki zuwa injin mai zafi ya dawo yana ɗumama tankin gaba ɗaya, a rana irin ta Abuja a watan Maris wannan ba ƙaramin abu ba ne. 450 na masu doki 500 ne da masu amfani da man E85 mai yawan ethanol a Amurka, wanda ke buƙatar kusan kashi 30 ƙari a kan fetur, mu kuwa ba mu da shi a gidajen manmu.

Amma ni duk da haka ba zan ce ka saya ba sai ka auna. Ka samo gejin matsin mai a jona shi a tiyon da ke shiga injin. Mota na silo ka zare ɗan tiyon regileta ka toshe shi da yatsa, ya kamata ka ga 43 ko kusa da haka, ka mayar ka ga ya sauko talatin da wani abu. Sannan a fitar da gejin ta gefen bonet a manna shi da salatif a jikin gilashin gaba ta waje, kar ka kuskura ka shigo da tiyon mai cikin mota, wani ya zauna a gefe yana ɗaukar bidiyon geji biyun, na bust da na mai. Taka ɗaya tak a giya uku a hanyar da ba kowa, da ka ga allurar mai ta fara komawa baya alhali bust yana nan ka ɗaga ƙafa. In ta bi bust ta tsaya a 60 to ba famfo ba ne, sai mu koma kan kwayil da saitin birenbos.

Wani abu kuma da ya sa ta fi yi maka a hanyar Akwanga. Jos tana sama da mita 1,200, iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, matsinta wajen 12.7 ne, Abuja kuwa ya kusa 14. Bust 17 ɗin da gejinka ke nunawa a kan wannan ake ɗora shi, kenan da ka sauko daga tsauni iskar da ke shiga injin ta ƙaru, man da ake nema ya ƙaru, famfon da a Jos yake lallaɓawa da ƙyar sai asirinsa ya tonu.

Rewaya_Dilimi

Maigida BabanHanifa ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni ta ɓangaren wuta zan ɗan ƙara don aikina kenan shekara da shekaru.

Yallaɓai mai mota kafin a zargi fam a duba wutar da ke isa wurinsa, don sau da yawa ana kawo min mota an canja fam har biyu matsala na nan, in na sa mita sai in ga batir na ba da 14 amma a soket ɗin fam 11 ke isowa, to fam ɗin da aka yi shi don 13.5 in ka ba shi 11 ai dole ya yi sanyi ko sabo ne dal. Kuma a Subaru ɗin nan akwai wani ɗan akwati a baya da ke sarrafa gudun fam, mataki uku yake da shi, a silo yana ba shi kaɗan sai an taka mota sannan ya sake masa duka, saboda haka in ka auna a silo ka ga wuta ƙasa kar ka tsorata, a lokacin da aka taka ake aunawa.

Tambayar da zan maka, an taɓa sa wa motar nan sikiriti ko tiraka? Don yawancin masu sa su wayar fam suke yankewa su bi da ita ta wani ƙaramin rile ko makunni a ƙarƙashin sitiyari ko kafet, da 'yar siririyar waya irin ta rediyo, su murɗa da hannu su naɗe da salatif. Da fam na kamfani haka za ta yi ta lallaɓawa tana ɗumi, ranar da ka sa babba sai ta narke. 255 yana shan amfiya wajen 10, wayar kamfani in lafiyarta ƙalau za ta ɗauka, amma 450 yana kaiwa 15 zuwa 20, shi kam dole a ja masa sabuwar waya mai kauri daga batir da fiyus nasa da rile nasa, in ba haka ba soket ɗin saman tanki ne zai fara ƙonewa, kuma wuta a saman tankin fetur kowa ya san abin da take nufi.

In za a buɗe tankin dan Allah a waje za a yi ba cikin rufaffen gareji ba, a zare fiyus ko soket ɗin fam a tada mota ta mutu da kanta don matsin ya sauka, sannan a cire kan batir. A canja 'yar ragar da ke gindin fam, a canja filta, ta 2006 filtarta a cikin tanki take ba a gaban injin ba kamar na 2002 zuwa 2004, shi ya sa ba wanda ke tunawa da ita. Sannan ɗan guntun tiyon da ke haɗa fam da bututu a ciki kar yaro ya yanko kowane tiyon mai ya sa, akwai na musamman da aka yi don ya zauna tsundum cikin fetur, za ka ga an rubuta J30R10 a jikinsa, na gama gari cikinsa ne kawai ke jure mai, bayansa kumbura yake ya yi laushi kamar tuwo, bayan wata biyu ya fashe a cikin tanki mota ta mutu a hanya ana ta neman dalili.

Sannan wannan ɗabi'ar tamu ta yawo da jar wuta a daina, tunda aka cire tallafi a 2023 kowa lita biyar lita goma yake sha na sani, amma fetur ɗin shine ke sanyaya fam. Ga tankin Subaru gida biyu ne saboda forfela shaf da ya bi ta ƙarƙashinsa, man ɗaya gefen sai an janyo shi zuwa gefen fam, in ya yi ƙasa ka sha kwana ko ka taka da ƙarfi fam sai ya zuƙi iska. Wanda ya sa turbo ya daure ya riƙe tanki sama da kwata.

Ɗan_Rayfield

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya BabanHanifa wlh ban taɓa sanin matsin mai yana bin bust ba, na ajiye motar tun jiya. Oga Rewaya eh akwai sikiriti, wanda na saya a hannunsa ne ya sa, wani ɗan maɓalli ne a ɓoye in ban danna ba mota za ta tashi ta mutu bayan ɗan lokaci. Ban taɓa kawo shi a raina ba. Ranar Asabar in sha Allah za mu auna duka.

AbuSadiq_Kubwa

Ɗan uwa bari in ba ka labarina don kar ka bi ta inda na bi. Tawa Legacy GT ce 2005, injin ɗinmu kusan ɗaya ne. Na ƙara bust kamar kai, aka ce in sa 255, na je kasuwar kayan mota na samu wani ya ba ni a kwali mai kyau da tambari da komai a rabin kuɗin da na gani a intanet, na ji daɗi na ɗauka na yi ciniki. Aka sa, mota ta tashi, har ƙarar fam ɗin ina ji daga baya ina cewa lallai yanzu mai na gudu. Ban auna komai ba. Sati uku bayan nan a titin filin jirgi da yamma na taka ta, na ji wata 'yar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, daƙiƙa biyu ba ta fi ba, kafin in kai Lugbe mota ta fara rawa a silo, shuɗin hayaƙi na fita ta baya, na buɗe murfin baƙin mai yana huci kamar tukunya. Da aka auna kwamfireshan silinda uku suna wajen 140, ta huɗu 70. Da aka sauke injin na riƙe fistin ɗin a hannuna, gefen da ke tsakanin ringi na ɗaya da na biyu ya ɓalle kamar an gutsuri biskit. Wata biyar motar tana kan dutse, abin da na kashe ya sayi fam na gaskiya fiye da ashirin. Daga baya muka gwada wancan fam ɗin a bokiti da geji, ko 50 ba ya iya riƙewa, jabu ne aka buga masa suna.

Jabun 255 ya cika duniya saboda shine aka fi saya, na gaskiyar kuɗinsa wajen dala 100 ne a can, duk wanda ya ba ka ƙasa da haka sosai ka san akwai magana. Lambarsa GSS342, kuma yanzu za ka iya ganin TI Automotive a jiki don su ke yin sa, wannan ba alamar jabu ba ce. Ka sa wanda ka yarda da shi ya sayo maka daga dila na ainihi, kuma ko an sa ka sake aunawa da geji.

Amma abin da ya fi damuna a bayaninka ba fam ba ne, saitin nan ne da aka sauko da shi daga intanet. Waɗannan saitin an yi su ne don man Amurka, za ka ga an rubuta 91 ko 93, mutum ya ce ai namu ma 91 ne. Ba ma'auni ɗaya ba ne. 91 ɗinsu a irin namu ma'aunin wajen 95 ne, 93 ɗinsu kuma wajen 98, namu na gidan mai bai wuce matsayin wanda suke kira 87 ba, mafi arha a wurinsu, wanda ko WRX da ba a taɓa ba kamfani bai ce a zuba mata shi ba. Wannan in man tsabtatacce ne kenan, ba na 'yan bumburutu ba, kuma duk mun tuna man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai yawan methanol da ya kwantar da motocin mutane a Abuja da Legas. Man da ba shi da ƙarfin okten yana fashewa da kansa kafin lokacinsa in matsi da zafi sun yi yawa, ita ce ƙarar tsakuwar nan, ba nokin irin wanda muke cewa in baƙin mai ya ƙare ba. Fam ko na lita dubu ne ba ya maganin wannan. Sai an zauna da laftof da gejin waidban mai auna haɗin iska da mai a salansa, a ga iska da mai suna wajen 11 bisa 1 a cikin bust, a rage tayimin, in ta kama a rage bust ɗin ya dawo 14 ko 15. Za ka rasa doki kaɗan amma injinka zai kai ka gida.

GTI_Lokogoma

Salam manya, ku yi haƙuri na shigo da tawa a tsakiya. Golf 5 GTI gare ni an ɗan taɓa birenbos, ni ma 255 ɗin zan nema?

BabanHanifa_Apo

@GTI_Lokogoma a'a, taka daban ce, ita cikin silinda take fesa mai kai tsaye, fam biyu gare ta, na tanki mai ƙaramin matsi da wani a jikin injin wanda kamshaf ke bugawa yana kai mai sama da bar 100. In an ƙara ƙarfi yawanci na jikin injin ne ke fara gazawa, kuma akwai wani ɗan kofin ƙarfe tsakaninsa da kamshaf da ke cinyewa, shi za ka fara sa a ciro a duba. Ka buɗe naka zaren daban mu yi magana a can kar mu cakuɗa wa ɗan Jos nasa.

Ɗan_Rayfield

To jama'a ga yadda aka yi. Jiya da safe muka jona geji a Farin Gada, da aka zare tiyon regileta ya nuna 42, na ce to ai lafiya kenan, bakanike ma ya fara cewa ƙila kwayil ne. Muka manna gejin a gilashi kamar yadda Yaya ya ce, muka fita hanyar Heipang inda ba cunkoso, ƙanina na ɗaukar bidiyo. A 4,000 bust 17 mai 55, yana haura 5,000 allurar man ta fara dawowa baya a hankali kamar ana sace iskar taya, 52, 49, 47, na ɗaga ƙafa. Da na kalli bidiyon a gida sai da jikina ya yi sanyi, wato haka nake ta yawo da ita wata guda.

Daga nan muka kai wa mai rewaya, batir 13.9, a soket ɗin fam in an taka 11.4. Aka ɗaga kafet ta gefen direba sai ga aikin sikiritin nan, wata 'yar jar waya siririya an murɗa ta da wayar fam, salatif ɗin ya narke ya manne da kafet har ya yi baƙin tabo kamar girman naira ɗaya ta ƙarfe, in ka taɓa wurin bayan mota ta yi aiki da zafi. Oga Rewaya kamar kana wurin wlh. Aka cire shi gaba ɗaya aka haɗa wayar da dalma, wuta ta koma 13.2. Muka sake fita sau ɗaya, yanzu yana kai 58 amma a sama yana saukowa 53, kenan an samu sauƙi amma fam ɗin ma ya gaji da gaske. Da aka buɗe tanki ragar gindinsa ta koma kalar ƙasa ta shafe kamar tsohuwar safa, ga wani laka laka a gindin tankin da sai da muka kwashe da tsumma.

Na fasa 450. Ɗan ƙanin babana zai dawo daga Amurka ƙarshen wata, na tura masa lambar GSS342 da filta da raga da tiyon nan na cikin tanki. Kafin nan an jona tiyon wesget (ƙofar da ke rage bust) kai tsaye, bust ya koma wajen 8, da shi nake zuwa aiki a hankali. Malam AbuSadiq maganarka ta okten ta hana ni barci, yaron da ya zuba saitin na tambaye shi na wane mai ne ya ce 93 aka rubuta. Yanzu tambayata, in fam ya iso a ina ya kamata a yi saitin, a nan Jos inda motar ke kwana ko in sauko Abuja?

BabanHanifa_Apo

Ka sauko ƙanina. In aka saita ta a Abuja da rana tsaka inda iska ta fi kauri zafi ya fi yawa, in ta hau Jos sauƙi za ta samu, amma in aka saita a sanyin Jos ranar da ka sauko Hawan Kibo za ta sake ba ka mamaki. Ka sa fam ɗin a can, ka sake aunawa ka ga 60 ta tsaya cak har 6,500, in ka ga matsi ya haura 46 a silo da tiyo a zare ka gaya min kafin ka taso. Ka taho a bust 8 ɗin nan kar ka taɓa shi, ka cika tanki da irin man da ka saba sha kullum ba wani na musamman ba, don a kansa za mu saita. Ina da waidban da kebul, ka sa mai walda ya huda maka wurin ɗaura sensa a bututun salansa tun daga Jos don kar mu ɓata safiya a kan wannan. Ka min magana ta inbos ana jibi za ka taho.